Asalin Sunan Legas da Takwararta ta Ƙasar Fotugal

A can ƙuryar Turai ta kudu maso yamma, inda tudu ya ƙare ruwan gishiri ya soma, akwai wani ɗan gari a bakin teku wanda in aka rubuta sunansa da boko bai bambanta da na babban birninmu na Kurmi ba ko da harafi ɗaya. Mu mukan ce Legas, kakanninmu kuwa Ikko suka sani. Mutanen can sukan ce Lagush, don haka harshensu ke fitar da shi. Amma a takarda duk Lagos ne. Ɗan Najeriya in ya hau jirgin ƙasa a Lisbon ya nufi kudu, ya sauya jirgi a tashar Tunes, ya bi har inda dogo ya ƙare, da ya ɗaga kai sai ya ga sunan garin da ya baro a rubuce jikin allo. Da yawa sukan tsaya a nan su ɗauki hoto su aika gida. To, yaya aka yi garuruwa biyu da teku ta raba haka suka zama takwarorin juna?

Ta Fotugal ce babba a shekaru. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, akwai wani gari a wannan yanki da ake kira Lacobriga, kusa da inda ƙoramar Bensafrim ke zubawa cikin teku, kuma masana da yawa suna ganin daga wannan suna ne na yanzu ya gajarce. Rumawa suka mallake shi suka wuce. Bayan Musulmi sun haye zuwa Andalus a shekarar 711, sai yankin ya koma hannunsu, suka kira shi Algarbu, wato Yamma, don shi ne yammacin Andalus. Har yau sunan lardin ke nan, Algarve. Sun yi wajen shekara 500 suna mulki a nan, babban birninsu shi ne Shilbu, wanda yanzu ake ce wa Silves, kuma sun bar gonakin ɓaure da lemo da rijiyoyin ban ruwa. A tsakiyar ƙarni na 13 sarakunan Fotugal suka karɓe ƙasar, aka gama cinye ta a 1249. Lagos ta zauna garin masunta da matuƙa jiragen ruwa, ba wanda ya damu da ita ƙwarai.

Ana nan sai shekarar 1415. Sarki João na Ɗaya ya tara jiragen yaƙi masu yawa, ya ɓoye wa mutane inda ya nufa. Sai da rundunar ta yada zango a Lagos sannan aka sanar da mayaƙa cewa Sabta za a. Wanda ya taɓa zama a zauren karatun Ashafa ya san Sabta ko bai sani ba, don can ce mahaifar Alƙali Iyal, mawallafin littafin. Birni ne a gaɓar Maroko, Turawa na kiransa Ceuta, kuma yana cikin wuraren da ayarin raƙuma ke sauke zinariyar ƙasashen baƙar fata. A watan Agusta na wannan shekara birnin ya faɗi. Cikin 'ya'yan sarki da suka yi yaƙin akwai wani saurayi, Yarima Henri. Shi ne ya ga dukiyar Sabta ya ƙudura a ransa cewa sai ya kai ga tushen zinariyar nan ta kan ruwa, ba tare da ya bi ta hannun fataken Sahara ba. Aka ba shi riƙon Algarve, ya tare a wannan yanki tsakanin Lagos da Sagres, ya riƙa sakin jirage suna bin gaɓar Afirka. Turawa na yi masa laƙabi da Matuƙi, amma shi kansa bai taɓa wuce Maroko ba. Mai aike ne, mai kuma karɓar rabo.

Abin da ya tsare su shekara da shekaru shi ne wani hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku a yammacin Sahara, ana kiransa Bojador. Ruwan wurin ba zurfi, ga hazo, ga iska mai tura jirgi kudu ta hana shi komowa. Matuƙa suka cika shi da tatsuniyoyi, suna cewa wanda ya wuce ba ya dawowa. Wani yaron gidan Yarima, haifaffen Lagos mai suna Gil Eanes, ya gwada a 1433 ya juyo. Yarima ya sake tura shi a 1434, sai ya yi dabarar yin nesa da gaɓa, ya zagaya ta tsakiyar ruwa, ya sauka a bayan Bojador, ya ga ba komai sai rairayi da 'yan tsirrai. Ya tsinko tsiron ya kawo shaida. Daga ranar ƙofa ta buɗe.

Abin da ya shigo ta wannan ƙofa shi ne ya sa na ga labarin ya cancanci a rubuta shi da Hausa. A 1441 wani matuƙi, Antão Gonçalves, ya komo da mutane kaɗan da ya kama a gaɓar Sahara. Mutanen Lagos suka ga ashe akwai riba a nan wadda ta fi kamun kifi. A 1444 mai karɓar harajin garin, Lançarote de Freitas, ya nemi izinin Yarima, ya haɗa jirage 6, har da Gil Eanes cikin shugabanninsu. Suka nufi tsibiran Arguin, a gaɓar Muritaniya ta yau, suka riƙa faɗa wa ƙauyukan masunta ba zato ba tsammani. Ba yaƙi ke tsakaninsu ba, ba kuma wani laifi mutanen suka yi musu ba. Suka kashe na kashewa, suka ɗaure sauran, suka juyo gida da mutum 235.

Ranar 8 ga Agusta 1444, da sassafe, aka fito da su daga jiragen aka kai su wani fili a bayan ƙofar gari. Mutanen Lagos da na ƙauyuka suka bar aikinsu suka zo kallo. Marubucin fada, Gomes Eanes de Zurara, ya bar mana labarin wannan rana cikin tarihin da ya rubuta don yabon Yarima, amma duk da yabo ya zo yi, da ya kai nan sai alƙalaminsa ya yi nauyi. Ya bayyana cewa cikinsu akwai farare, akwai wankan tarwaɗa, akwai baƙaƙe. Waɗansu sun sunkuyar da kai hawaye na zuba, waɗansu sun ɗaga ido sama suna kuka da ƙarfi, waɗansu na rera wani abu mai kama da makoki cikin harshensu. Aka ce a kasa su kashi 5 daidai wa daida. Don kashin ya yi daidai sai aka raba miji da mata, aka raba ɗa da uwa. In an ja yaro an kai shi wancan kashi sai ya ruga ya koma, uwa ta rungume shi ta kife a kansa tana shan duka. Yarima Henri na bisa doki yana kallo, ya karɓi humusinsa, mutum 46. Aka ba cocin garin mutum ɗaya sadaka, aka aika da wani yaro gidan 'yan zuhudu. Marubucin ya lallashi kansa da cewa ai rayukansu za su tsira tunda za a mai da su Kirista. Da yawa daga cikin mutanen nan kuwa Musulmi ne, masu salla da azumi.

Bauta dai ba a ranar aka fara ta ba. Ta daɗe a Turai, ta daɗe a ƙasashen Larabawa, ta daɗe a ƙasarmu. Amma wannan ne karo na farko da aka ɗebo 'yan Afirka da yawa haka ta Tekun Atlantika aka kasa su a bainar jama'a a ƙasar Turai, kuma hanyar da aka share a ranar ita ce aka bi shekara 400. Paparoma Nicholas na Biyar ya sa albarka da takardu biyu, a 1452 da 1455. Yarima ya mutu a 1460, aka fara binne shi a Lagos kafin a mai da shi Batalha. Bayan mutuwarsa harkar cinikin Afirka ta koma Lisbon.

Jiragen kuwa ba su tsaya ba. A 1469 sarki ya ba wani attajirin Lisbon, Fernão Gomes, kwangilar cinikin gaɓar, bisa sharaɗin kowace shekara mutanensa su ƙara gaba. A 1471 suka kai ƙasar zinariya, Gana ta yau, inda daga baya suka gina ganuwar Elmina a 1482. Duk inda suka wuce sai su raɗa wa wuri suna da abin da idonsu ya gani. Duwatsu suka gani suka ce Serra Leoa, ga Saliyo. Jatan lande suka tarar a wani kogi suka ce Camarões, ga Kamaru. A gaɓar jihar Delta akwai Forcados, akwai kuma Escravos, wato kogin bayi, inda yau ake lodin mai. Littattafan tarihi da yawa sun ce a 1472 wani matuƙi, Rui de Sequeira, ya iso wani wuri inda ruwa ya kwanta shimfiɗe a bayan rairayin gaɓa, ya kira shi Lago de Curamo, tafkin Kuramo. Har gobe akwai ruwan da ake kira Kuramo a tsibirin Biktoriya.

Wurin kuwa da masu shi. Yarbawan Awori sun ce kakansu Olofin ya taso daga Ife da wani akushi da aka ba shi, aka ce ya ɗora shi kan ruwa ya bi shi, inda ya nutse nan ne mazauninsa. Ya bi kogin Ogun, ya zauna a Isheri, daga baya jama'arsa suka gangaro Iddo. Wani ɗansa, Aromire, ya haye tsibirin da ke tsallake ya yi gonar barkono, kuma a kan wannan gona aka ce fadar sarkin garin, Iga Idunganran, take zaune. Gona da Yarbanci oko ce, don haka waɗansu suka ce nan Eko ta samo suna. Mutanen Bini kuma suka ce a'a, eko a harshensu sansanin yaƙi ne, kuma sarkinsu ne ya kafa sansani a tsibirin cikin ƙarni na 16. Suna da abin kafa hujja, don a 1603 wani Bajamushe likitan jirgi, Andreas Ulsheimer, ya ga garin ya ce mayaƙan sarkin Bini ne a cikinsa. Gidan sarautar Eko ma daga Ashipa da ɗansa Ado ya faro, da yardar sarkin Bini, kuma sun daɗe suna kai masa gaisuwa. Ko gona ko sansani, Eko ce Bahaushe ya ji ya ce Ikko.

To, a kan sunan Lagos magana biyu ce. Ta farko, cewa matuƙan sun tuna da garinsu na Algarve ne suka raɗa wa sabon wuri sunansa, yadda mutum kan sa wa ɗansa sunan mahaifinsa. Ta biyu, cewa lago da harshensu tafki ne, lagos tafkuna, kuma ruwan da suka gani suka faɗa. Ni dai ta biyu ta fi kwanta mini. Tsofaffin rubuce-rubucensu ruwan suke kira da sunan, ba garin ba. Duarte Pacheco Pereira, wanda ya rubuta bayanin gaɓar a farkon ƙarni na 16, kogin tafki ya ambata. Sannan a 1472 ragamar tafiye-tafiyen ta riga ta bar Lagos ta koma Lisbon. Garin kansa kuwa 'yan kasuwar Fotugal da na Birazil sun daɗe suna kiransa Onim. Saboda haka mai yiwuwa ne sunan haɗuwa ya yi kawai. Amma ko da sunan haɗuwa ce, abin da ya biyo baya ba haɗuwa ba ce.

Cikin ƙarni na 18 Sarki Akinsemoyin ya buɗe wa 'yan kasuwar Fotugal da Birazil ƙofa, suka zo da taba da giya da bindiga suna musanya da mutane. Da ƙarni na 19 ya kama, yaƙe-yaƙe suka rincaɓe a arewa bayan 1804, daular Oyo kuma ta shiga rushewa, sai kamammu suka yi ta kwarara zuwa bakin ruwa. Ikko ta zama babbar tashar lodin bayi a duk wannan gaɓa. Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop daga baya, a nan aka loda shi cikin jirgin Fotugal a 1822 yana yaro, kafin jiragen Ingila su tare su. Hausawa da yawa ta nan suka bar duniyar da suka sani. Kada mu ɓoye, ba Bature ne ya je Kano ko Zazzau ko Katsina ya kamo su ba. Hannu baƙi ne ya kama, hannu baƙi ya sayar, daga kasuwa zuwa kasuwa, har aka miƙa su ga mai jirgi. Wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahia ta Birazil, Francis de Castelnau, ya zauna da waɗansu Hausawa bayi a can ya rubuta labarinsu, aka buga a 1851, suna lissafa masa garuruwansu da zangon da aka bi da su har teku.

Ba su kwanta ba kuwa. A Bahia, Hausawa ne suka shirya tawayen da aka bankaɗo a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A watan Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi Musulmi, galibinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka fito titunan Salvador sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Aka murƙushe su, aka sami takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Bayan haka aka koro da yawa, waɗansu kuma suka fanshi kansu suka komo. Su ne Aguda na Ikko, masu sunaye irin su Da Silva da Da Rocha, waɗanda suka kawo salon ginin Birazil. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 aikin maginin cikinsu ne.

Ingilishi ne suka kafe sunan Lagos a kan garin. A watan Disamba 1851 suka yi wa Ikko ruwan igwa, suka kori Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye. Ranar 6 ga Agusta 1861 ɗan Akitoye, Dosunmu, ya sa hannu a takardar miƙa gari, kuma sunan da ke taswirar matuƙansu shi ya shiga takardun mulki. A 1863 John Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya yi 'yan sanda masu bindiga da su, kuma daga wannan ƙungiya sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Fataken goro suka biyo baya, irin su Alhassan Ɗantata da ya riƙa ɗauko goro daga Gwanja ta jirgin ruwa yana saukewa a Ikko. Dogo ya haɗa ta da Kano a 1912, aka mai da ita babban birnin ƙasa a 1914, ta riƙe har 12 ga Disamba 1991 da aka koma Abuja. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Legas mutum fiye da miliyan 9, kuma kowa ya san yau ta wuce nan nesa. Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago sun haifi 'ya'ya da jikoki a can.

Ita kuwa ta Fotugal, baya ta yi ta yi. Sarki Sebastião ya ɗaga ta zuwa matsayin birni a 1573, ya biyo ta nan a 1578 da rundunarsa zai ci Maroko, aka hallaka shi a yaƙin Wadil Makhazin. Wannan nasara ta mutanen Maroko ce ta ɗora Ahmad al-Mansur kan gadon Maroko, shi ne kuma ya turo Judar Basha ya karya Songhai a Tondibi a 1591. Sai ranar 1 ga Nuwamba 1755, girgizar ƙasar da ta rushe Lisbon ta haɗa da Lagos, teku ta ja baya ta komo ta hau kan gari. Daga nan mulkin lardin ya bar ta, daga bisani ya zauna a Faro. Yau mutanenta dubu 30 ne da 'yan kai, abincinsu na wuyan baƙi masu yawon buɗe ido.

Baƙon da ya fito daga tasha zai haye gada kan ruwan da ƙananan jirage ke fakewa, ya bi babban titin bakin ƙorama. Gidaje farare, tituna ƙunci an shimfiɗe su da ƙananan duwatsu, ƙamshin gasasshen kifi na tashi, tsohuwar ganuwa na nan a waɗansu wurare. In ya ci gaba kudu zai kai Ponta da Piedade, inda duwatsu masu ruwan zuma suka tsaya cikin teku, ruwa ya huda su ya yi ƙofofi da koguna. Gari ne mai kyau, ba ƙarya. A dandalin da ke fuskantar ruwa akwai mutum-mutumin Yarima Henri a zaune, an kafa shi a 1960. Can gefe guda kuma ga wani ɗan bene mai bakuna, an rubuta masa Mercado de Escravos, kasuwar bayi. Ginin da ke tsaye yanzu na ƙarshen ƙarni na 17 ne, amma a wannan wajen ake jin an yi cinikin farko, kuma tun 2016 aka mai da shi gidan tarihi. Ɗan ƙarami ne, mutum zai gama zagaya shi kafin shayi ya huce. Duk wanda ya zo daga Najeriya ya ɗauki hoto a tasha bai shiga nan ba, a ganina bai ziyarci takwarar garinsu ba.

Akwai kuma wuri na biyu, wanda ya fi wancan nauyi. A 2009 ana haƙa wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa a bayan ganuwa, a wani fili da ake kira Vale da Gafaria don a da gidan kutare ne a nan, sai aka ci karo da tsohon jujin gari. Cikin sharar aka tono ƙasusuwan mutum 158, maza da mata da yara. Bincike ya nuna 'yan Afirka ne, waɗansu da haƙora a feƙe irin na al'adar garuruwansu, kuma an jefa su ne tsakanin ƙarni na 15 da na 17. Ba a yi musu kabari ba. Waɗansu a kife aka same su, waɗansu kuma yadda hannuwansu suka kwanta ya nuna a ɗaure aka yar da su. Aka kwashe ƙasusuwan aka kai wa masu bincike a Coimbra, aka gama ginin motoci, aka yi ɗan filin wasan golf a samansa. Binciken yana da amfani, don shi ya tabbatar da ko su wane ne. Amma mutanen nan 'ya'yan wasu ne, an raɗa musu suna ranar bakwai ko yadda al'adarsu ta tanada, kuma haƙƙinsu ne in an gama aunawa a suturta su, a haƙa musu kabari, a rubuta a wurin abin da aka yi musu. Waɗansu ƙasashen Afirka ta Yamma suna da jakadu a Lisbon, Najeriya ma tana da nata, kuma wannan magana ce da ya kamata ta fito daga bakinsu.